Mako na Ashirin da Shida

A gidanmu na unguwar Zahir a Makka ranar ƙaramar salla ta mutane ce, washegari kuwa tamu ce mu kaɗai. Ranar farko a yi idi a Harami, a zaga gidajen dangi, a sha dibyaza, haɗin busassun 'ya'yan itace, har zaƙinta ya ginshi mutum. Rana ta biyu tun da hantsi Baba zai aro motar wani abokinsa, mu loda tabarmi da tukwane da filas ɗin shayi da ƙullin waina a bokiti, mu nufi bakin teku a Jidda. Tun ina 'yar tatsitsiya haka muke yi, ban san shekarar da muka fasa ba.

Baba direban bas ne a tashar Kudai. Duk watan azumi ba ma ganinsa sai a gajiye, yana jigilar masu umara zuwa Harami ya dawo da su. Da an sauko daga idi sai a ba shi 'yan kwanaki kafin a fara shirin alhazai. Wannan ne hutunsa na shekara kaf, babu wani. Shi ya sa Umma ta riƙe ranar da hannu biyu. Ba ta taɓa tsoma ko ɗan yatsa a ruwan ba, ta ce ita ba kifi ba ce. Za ta dai baje a tabarma, ta ɗora tandarta ta ƙasa a kan ƙaramin gas, tana suya tana yi wa iska faɗa, Baba na gefe ya miƙe ƙafa yana cin wainar da zafinta yana cewa gishiri ya yi kaɗan. Shekara da shekaru gishirin bai taɓa isa ba, kuma bai taɓa rage ko ɗaya ba.

Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa. Sun yada zango a Sudan shekaru suna noma suna tara guzuri, sannan suka ƙetaro. A Makka aka haifi Umma, Baba kuma a goye aka shigo da shi. Amma fasfonmu na Sudan ne, ƙasar da Umma ba ta taɓa takawa ba. Ba mu damu ba, tunda Baba na da igama, wato takardar izinin zama, mu kuma muna ƙarƙashinta.

Sai aka zo da rusum. Kuɗi ne da aka ɗora wa duk baƙon da ke da iyali a kan igamarsa, kowane kai a biya masa duk wata, kuma aka faɗa tun farko cewa kowace shekara za a ƙara. Mu huɗu ne a wuyan Baba: Umma, da ƙannena mata biyu, da ni da aurena ya mutu na dawo gida. Ba a ma fara karɓa ba unguwa ta fara zubewa. Yau ka ga an fito da firij bakin ƙofa an ce na sayarwa ne, gobe ka ji gidan su wance sun wuce Chadi. Na ji haushi a lokacin, har yau ma ina ji. Mutum a haife shi a wuri, a haifi uwarsa a wurin, rana ɗaya a ce kwanansa a ɗakinsa ma sai ya biya.

Bayan makonni Baba ya tara mu ya ce ya yi magana da wani ɗan'uwansa a Bur Sudan, can ɗaya gefen tekun. Akwai Hausawa da yawa, haya da sauƙi, kuma ba mai ƙirga kan mutum ya karɓi kuɗi. Mu huɗu za mu koma can, shi zai zauna ya ci gaba da aiki yana aiko mana.

Umma ta ce ba inda za ta.

"Malam, mutane na sayar da gona su zo su mutu a garin nan, ni kuma in kwashi tsufana in fita? La wallahi. Ka kai yaran, ni ka bar ni ko a bayan ƙofa ne."

"Hajiya, ba ni na kawo dokar ba."

"To ka je ka faɗa wa wanda ya kawo ta."

Haka aka yi ta yi. Ba ta ɗaga murya, Umma ba ta iya wannan ba. Sai dai ta daina yi masa shayin la'asar, wanda a gidanmu ya fi zagi ciwo.

Ana cikin wannan, kafin azumi, na raka Baba wani babban kanti a Aziziyya don sayen akwatuna. Akwatunan matar da ta rantse ba za ta tafi ba. A bakin ƙofa wani saurayi mai kwat ya tare mu da hotuna: ƙananan gidaje farare a bakin teku, arewa da Jidda, irin waɗanda ake kira shaleh, da ciyawa kore shar da ruwa a gabansu. Ya ce ba gidan za ka saya ba, mako ɗaya za ka saya a cikinsa, kuma makon nan naka ne duk shekara har 'ya'yanka su gada. Ni na ja hannun rigar Baba mu wuce. Shi kuwa ya tsaya cak, ya ƙura wa hoton ido.

Saurayin ya ce, "Wane mako kake so, ya ammi?"

Baba ya ce, "Makon salla. Daga rana ta biyu."

Ya duba wayarsa, ya buɗe wata kalanda, ya ɗora yatsa. "Tamam. Mako na ashirin da shida. Ka yi sa'a, saura ɗaya."

Baba ba ya sa hannu a takarda sai na karanta, don ni ce na gama sakandare, ni ce mai karatun gidan. Kuma na karanta ta, wallahi na karanta, shafi huɗu. Har na tsaya ina ja-in-ja da saurayin a kan kuɗin gyara da za a riƙa biya, ina hura hanci don in nuna masa ba 'yan ƙauye ya samu ba. A shafi na biyu an rubuta cewa makonnin da lissafin miladi, wato kalandar Turawa, ake ƙirga su. Idona ya bi ta kan kalmar ya wuce. Mu a Makka da wata muke rayuwa. Hayar gida da wata, igama da wata, ranar haihuwata da wata na santa. Na san da miladi kamar yadda mutum ya san da dangin nesa, ana ambatonsu amma ba sa zuwa gidanku. Kuma ko ɗan firamare ya san salla tana matsowa gaba duk shekara. Ban dai haɗa biyun ba. Baba ya zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa don ya sayi motar kansa, muka fito da takarda da akwatuna huɗu.

Da yamma ya shimfiɗa hotunan a gaban Umma. Ya ce za mu riƙa zuwa umara duk azumi ta jirgin ruwa, mu yi idi a Harami, rana ta biyu mu wuce nan, mako guda cur, da ɗaki da kicin, ba zaman tabarma a rana ba.

Ta daɗe tana kallo. "Kowace salla?"

"Kowace salla, in dai da rai."

Ni 'yar fari ce, Umma ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ranar ta juyo ta dube ni.

"Ke, haka takardar ta ce?"

Na ce, "Haka ta ce, Umma."

Ta tashi ta ɗora shayi.

A shekarar farko komai ya tafi yadda aka faɗa. Muka isa rana ta biyu da salla, aka miƙa mana makulli. Ƙannena suka yi ta tsalle a kan gadaje kamar ba 'yanmata ba. Umma ta zaga kicin ɗin, ta taɓa murhun lantarkin da ɗan yatsa, ta ce wannan ai na dafa wa mara lafiya ruwan zafi ne, ta fita baranda ta kafa tandarta. Hayaƙin mai ya jawo mai gadin wurin, wani dattijo siriri, ya zo zai ce an hana. Da ya ga abin da ke cikin tandar sai Larabcinsa ya gudu, ya ce, "Hajiya, masa ce nake gani?" Ashe mutumin Nijar ne. Ya ci bakwai a tsaye, daga ranar kuma ba a sake maganar hani ba.

Ban taɓa ganin Baba ya yi barcin rana kwana bakwai a jere ba sai a makon nan. Umma kuma da la'asar sai ta ja kujera ta fuskanci ruwa. Wata rana ta tambayi Baba ina Sudan ɗin take. Ya nuna mata inda rana ke shirin faɗuwa. Ta ce, "Ashe ma ba nisa."

Ranar tafiya ta wanke tandar ta buɗe kabad ɗin kicin za ta ajiye. Muka ce ba a barin kaya, gobe wasu ne za su shigo, bayansu wasu, har shekara ta zagayo. Ta riƙe haɓa. "Wane irin gida ne wannan da ba a barin ko tanda?" Amma ba ta mayar da ita mota ba. Ta kai wa mai gadin, ta ce ya ajiye mata amana sai baɗi. Na gane abin da take yi. Tana so ta bar wani abu nata a wannan gefen ruwan.

Bayan wata ɗaya muka bar Zahir. Ba zan iya ba da labarin ranar ba, maƙwabta sun yi kuka mun yi. Baba ya saki gidan ya koma ɗaki ɗaya da wasu direbobi uku a Kudai. Muka kwana a jirgi, muka sauka Sawakin, mota ta kai mu Bur Sudan.

Mutanen kirki muka tarar, ba zan ci hakkinsu ba. Sun karɓe mu, suna ce mana 'yan Makka, suna dariyar Hausarmu da rabinta Larabcin Hijaz ne. Ba mai karɓar rusum, gaskiya ne. Sai dai ruwan sha a kan jaki ake sayo shi, burodi kuma sai an yi layi. Umma ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Ta ƙi dai sayen labule, ta ƙi a buga ƙusa a bango, akwatinta ma rabi ta kwashe. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce, "Ai da azumi za mu je gida." Da watanni take ƙirga zamanta, Rajab, Sha'aban, kamar mai jiran haihuwa.

Muka shigo da bizar umara ta wata ɗaya tun goma ga azumi, don Umma ta ce ba za ta yi asarar goman tsakiya ba. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu a Zahir ta sauke mu. Gidanmu na kallon nata, an sake masa fenti, wasu yara na wasa a ƙofar. Umma ba ta kallon wajen in za ta fita. Muka yi idi a Harami, ta yi kuka ta ƙoshi. Washegari Baba ya zo da motar aro, muka loda kaya da bokitin ƙullu, ana ta raha a hanya, har Umma na tsokanarsa wai zaman gwauranci ya rame da shi.

A ƙofar wurin mai gadin ya gane mu, ya taso da fara'a. Sai na ga fara'ar ta tsaya a rabi. Ya ce mu ɗan shiga ofis.

Ma'aikacin ofishin ya buga lambarmu, ya ce, "Makonku bai zo ba. Saura kwana goma."

Baba ya yi murmushi irin na wanda ya san an yi kuskure. "La, ya waladi, duba da kyau. Makon salla ne namu. Bara ma nan muka yi."

"Bara salla ta faɗo a mako na ashirin da shida. Bana ta riga shi. Naku na ashirin da shida ne, ba na salla ba. An turo maka saƙo da kwanan watan."

An turo kuwa. Baba ya gani, ya ga lambobin miladi, ya ɗauka tunin salla ake yi masa. Ya juyo ya dube ni, ba da faɗa ba, da neman taimako, wai in yi wa yaron bayani tunda ni na karanta. Ma'aikacin ya juyo da takardar ya ɗora biro a kan layin. Shafi na biyu. Ta tagar ofishin ina hango barandarmu, wasu mutane sun shanya tawul a kai.

Na yi masifa, don ita na iya. Na ce an cuce mu, na ce saurayin ya san abin da Baba ke nufi. Wataƙila ya sani, wataƙila shi ma yatsa kawai ya ɗora, Allah ne masani. Ma'aikacin bai yi fushi ba. Ya ce ko'ina a cike yake, makon salla na bana yana da masu shi, su ma saya suka yi. Mu dawo bayan kwana goma. To bizarmu saura kwana takwas ta ƙare, kuma wanda ya wuce wa'adi ya san abin da ke jiransa. Hutun Baba ma kafin nan ya ƙare.

Duk wannan Umma na zaune a kujera tana sauraro. Ba ta yi boko ba, amma lissafin wata a kanta yake. Sai ta yi magana, da Larabci, a hankali.

"Baɗi fa, ya waladi?"

"Baɗi tazarar za ta ƙaru, ya khala. Kamar kwana ashirin."

"Lokacin an rufe umara ke nan."

Ya gyaɗa kai.

"To yaushe zai dawo kan salla?"

Ya danna wayarsa, ya duba. "Sai bayan shekara talatin da wani abu."

Umma ta yi 'yar dariya. Ban taɓa jin dariya mai ciwo irin wannan ba. Ta miƙe ta gyara mayafinta ta fita. A waje mai gadin na tsaye da tandar a hannu, ya naɗe ta cikin tsohon buhu, ya rasa ko ya miƙa ko ya mayar. Ya ce, "Hajiya, in ci gaba da ajiyewa?" Ta ce, "A'a, ɗan'uwa. Ka riƙe amana, Allah ya biya ka. Kawo ta."

Muka koma bakin tekun kowa da kowa, inda muka saba tun da, muka shimfiɗa tabarma a cikin cunkoso. Ƙullun ya riga ya yi tsami saboda zafin mota, amma ta soya shi haka nan. Baba ya ci, bai ce gishiri ya yi kaɗan ba. Na yi ta jira Umma ta ce mini wani abu, ko da "ke ba kin ce" ne, in samu in yi kuka. Ba ta ce ba. Ta zuba waina a faranti ta turo gabana ba tare da ta dube ni ba, kamar yadda ta saba.

Da muka koma Bur Sudan ta sa aka sayo labule. Ta kwashe sauran kayan akwatin ta jera. Ƙannena suka ji daɗi wai Umma ta saki jiki. Ni na san ba sakin jiki ba ne.

Baba ya nemi mai sayen makon bai samu ba, ya nemi musanya aka ce sai dai da wani makon miladin. Shekara ta gaba ba mu je umara ba. Ƙafafun Umma sun fara kumburi, likita ya ce zuciya ce, kada ta hau jirgi. Ta ce ko ba likita ma ba ta da niyya, ba za ta je ta sake kwana a gidan maƙwabta tana kallon ƙofarta ba. Rana ta biyu da salla ta sa muka ɗauki tanda muka je bakin ruwan Bur Sudan. Ta soya kaɗan ta gaji, na karɓa.

Da mako na ashirin da shida ya zo, Baba ya roƙi kwana ɗaya a wurin aiki ya tafi shi kaɗai. Ya kira mu ta bidiyo daga barandar, yana juya wayar yana nuna mata kujerar, da ciyawar, da mai gadin yana ɗaga hannu. Umma na kwance, na riƙe mata wayar. Ta ce, "Malam, ka ci abinci kuwa?" Ya ce ya ci. Ƙarya yake, a fuskarsa na gani. Ta ce ya juya mata wajen ruwan. Ya juya, ta daɗe tana kallo, har wayar ta yanke.

Ranar ce na durƙusa a gaban gadonta na ce ta yafe mini, ni na karanta takardar, ni na ce mata haka ta ce. Ta ɗora hannu a kaina. Ta ce da ba don takardar ba ma da ta taho, ina za ta bar 'ya'yanta su ƙetare ruwa su kaɗai, ta dai so a lallashe ta ne. Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa ko sauke mini kaya take yi. Sannan ta kira sunana, sau ɗaya, ta ce in tashi in ɗora shayi. Tunda nake ban taɓa jin sunan a bakinta ba, har na ɗan waiga in ga wa take kira.

Ta rasu ana tsakiyar aikin hajji, lokacin da ba a sakin direba ko uwarsa ce ta mutu. Baba yana kan hanyar Mina da alhazai cike da mota aka binne ta. Matar da aka haifa tafiyar 'yan mintuna daga Harami, tana kwance a yashin Bur Sudan, an juya fuskarta wajen garinsu.

Bayan alhazai sun watse Baba ya zo. Ya yi mini tsufan da ban zata ba. Na ce masa ya rabu da makon nan haka, ya daina biyan kuɗin gyara, ko kyauta ne ya bayar. Ya girgiza kai. Ya ciro takardar daga jakarsa, ta yi laushi saboda ninki, ya miƙo mini.

"Lissafa mini shekarar da zai dawo kan salla."

Na lissafa, na sake lissafawa, na faɗa masa. Ya ƙirga da yatsunsa ya yi murmushi.

"Ni dai ban kai ba. Ke za ki je, ya binti. Na yi mata alkawari. Ki tafi da tandar."

In Allah ya kai ni, zan haura sittin a lokacin, kusan shekarun Umma ranar da ta tambaye ni abin da takardar ta ce. Na karɓi biro na rubuta shekarar a bayan shafi na biyu, da lissafin wata da na miladi, duka biyun.